Gwajin Ciwon Sukari: Fitsari Ko Jini?

A Lamorde, kamar sauran wurare, akan fara zargin ciwon sukari in an ga kiyashi ya taru inda mutum ya yi fitsari. A 1956, a Amurka, Alfred Free da matarsa Helen suka ƙago Clinistix, 'yar takarda wadda ake tsomawa cikin fitsari, ta sauya launi in akwai sukari.

Amma a lura, ƙoda ba ta sakin sukari sai ya zarce kimanin miligiram 180 cikin kowace desilita ta jini, alhali kuwa 126 kafin karin kumallo ya isa alamar ciwo. Saboda haka gwajin ɗigon jini daga yatsa ya fi saurin tona shi. Wanda ƙishirwa da fitsarin dare suka dama, sai ya sammaka zuwa Babban Asibitin Mubi, kada ya ci kome, a gwada shi.