Tsare Harshe da Kunne a Wurin Neman Abinci

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a ƙasar Adar, daga Deule da Buza zuwa Keita da kwarin Tarka na Madawa, aikin albasa ne ke tara jama'a tun daga dashe a lokacin sanyi har ɗurin buhuna a bazara. Hannuwa na aiki, baki kuwa ba shi da abin yi, nan Shaiɗan ke samun ƙofa. Haka abin yake a rumfar kasuwa da tasha da ofishin magajin gari.

Hadisin da Muslim ya ruwaito ya bayyana cewa giba ita ce ambaton ɗan uwa da abin da yake ƙi, ko da gaskiya ne. In ƙarya ne, ya zama ƙazafi. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta kamanta ta da cin naman ɗan uwa matacce. Annamimanci kuwa shi ne kai zance tsakanin mutane don ɓata su. A wurin aiki ɓarnarsa ta fi tsanani, domin tana taɓa abincin mutum. Wani ya raɗa wa mai gona cewa wane na rage man injin ban ruwa, ba tare da ya gani ba. Kafin maraice an sallami ɗan ƙodago, iyalinsa sun rasa abin da za su ci da rani.

Muridin da ya yi lazimi da safe, istigfari 100, salati 100, hailala 100, ya tuna hadisin matsiyacin Lahira: mutum zai zo da salla da azumi, amma a rabe ladansa ga waɗanda ya ci mutuncinsu. Kuma daga sharuɗɗan ɗariƙar Shehu Ahmad Tijjani (RTA) akwai nisantar yanke hulɗa da Musulmi, musamman 'yan uwa, alhali annamimanci ba ya haifar da komai sai gaba.

Zance ba ya tafiya sai ya sami mai saurare. Shi ya sa Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya lissafa a Ihya'u abubuwa 6 da suka hau kan wanda aka kawo wa tsegumi: kada ya gaskata, ya hana mai kawowar tare da yi masa nasiha, ya ƙi shi don Allah a kan wannan hali, kada ya munana zato ga wanda ba ya nan, kada ya shiga bin diddigi, kada kuma ya kai zancen gaba. Wanda ya riƙe waɗannan, a kunnensa maganar ke mutuwa.

Wannan ba rufa wa cuta asiri ba ne. Imamu Nawawi ya kawo wurare 6 da aka halatta ambaton aibi, ciki har da kai ƙarar zalunci da gargaɗin wanda za a cuta. Wanda ya ga ana tauye awo da idonsa, ya faɗa wa mai ikon gyarawa, gwargwadon buƙata, ba majalisar shayi ba.

In hira ta karkata zuwa naman wani, muridi ya kare mutuncinsa, ko ya sauya zancen, ko ya tashi ya koma bakin aikinsa da salati.

Allah Ya tsarkake harsunan 'yan uwa, Ya sa albarka a neman halal ɗinsu, albarkacin Annabi (SAW). Amin.