Ruwan Farko da Fadamar da Ke Tace Shi

Idan damina ta sauka, ruwan farko ba ya barin kasuwa hannu rabbana. Duk abin da rani ya tara, kashin dabbobi a kara, jinin kwata, ruɓaɓɓen kayan gwari da najasar da aka zubar a lambatu, shi yake kwashewa cikin 'yan mintoci ya nufi kwari. A ido laka ce kawai, amma cikinta akwai ƙwayoyin cutar da ke haddasa kwalara da taifot da atuni. Daga nan sai su tsiyaya cikin rijiyar da ba ta da murfi, ko su sauka a kududdufin da ake wanke latas da karas.

Wannan ruwa babu mai tambayarsa takarda a kan iyaka. Gulbin Maraɗi yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya ratsa Jibiya, ya shiga Nijar ta Madarumfa da Maraɗi, sannan ya komo Nijeriya ya haɗu da kogin Rima. A daminar 2018 kwalara ta taɓa yankunan Jibiya da Madarumfa a lokaci guda.

Ɗaya daga hanyoyin rage wannan dauɗa ita ce fadamar da ake ginawa da hannu, dabarar da aka fara gwadawa a Jamus a shekarun 1950. Ana haƙa fili mai faɗi marar zurfi a inda lambatun kasuwa ke ƙarewa, a daɓe ƙasansa da yumɓu don kada ruwan ya sauka cikin rijiyoyi, a zuba tsakuwa da yashi, a dasa ciyawa mai son ruwa irin su kacala da jema. Sirrin aikin shi ne jinkiri. Ƙwayoyin cuta da yawa suna maƙale ne a jikin laka, to da ruwa ya lafa, laka ta kwanta, sai su kwanta tare da ita. Waɗansu saiwoyi da tsakuwa ke tarewa, waɗansu hasken rana ke kashewa, waɗansu kuma ƙananan halittun da ke zaune a jikin saiwa ke cinyewa. Ruwan da ya yi kwanaki a ciki yakan fito da tsabta nesa ba kusa ba. Wanda ambaliya ta tura ya wuce cikin sa'a guda kuwa, kusan yadda ya shiga yake fita.

Inda ake tsoron sauro, gara a gina irin wadda ruwa ke bi ta ƙarƙashin tsakuwa, ba ya fitowa sarari.

Sai dai a kula, jama'a: ruwan da ya fito daga fadamar nan ba na sha ba ne, ba na alwala ba ne, komai garai-garai ɗinsa. Ya dace da ban ruwan itatuwa. Na sha sai an tafasa shi ko an sa masa maganin kulorin.

Leda tana cikin abubuwan da ke kashe irin wannan fadama. Tana toshe mashiga, ruwa ya kauce ya bi ta cikin rumfuna. Don haka ya kamata sarkin kasuwa da shugabannin mahauta da 'yan gwari su sa ranar yashe lambatu tun a watan Mayu, kafin hadarin farko, a kuma kewaye fadamar da shinge domin kada shanu da yara su shiga.