Kwat, Riga da Laktaye: Wane Launi Ke Shiga da Wane?

Tambayarmu daga Bakura take, a Jihar Zamfara. Wani matashi, wanda ya ce a sakaya sunansa, ya kammala karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, an kira shi ganawar neman aiki a Gusau. Yana tambaya: yaya ake haɗa launin kwat da riga da laktaye?

To, ƙanena, madalla da wannan tambaya. Dubi yadda kake zaɓen hula in ka sa shadda: kakan nemo wadda zarenta ya ɗauko launin aikin wuyan rigar. Laktaye shi ne hular kwat.

Kwat ta zama mai duhu, shuɗi mai duhu ko ruwan toka. Riga fara, ko shuɗiya mai haske. Laktaye kuwa ya fi rigar duhu. A kula, ya fi rigar duhu. Ja mai duhu yana zama daram a kan farar riga. In rigar mai zane ce, laktayen ya zama marar zane, kada su yi ta kokawa a ƙirjinka. Bakin laktayen ya tsaya daidai kan bel.

Da zafin Zamfara, riƙe kwat ɗin a hannu cikin mota, sai ka isa ƙofar ofis ka saka. Allah Ya ba da sa'a.