HATTARA DA KOKAWA: DARASI A KAN KARE KAI

Ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako a kan kare kai ne, domin rai amana ne, kuma yana cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo don tsare su.

Abu na farko shi ne hattara. A Suratun Nisa'i, aya ta 71, Allah ya umarci muminai da su zauna cikin shiri. A aya ta 102 kuwa, ko salla aka zo yi a wurin tsoro, sai a kasu biyu, waɗansu suna salla, waɗansu suna gadi. To, in ibada ba ta kau da hattara ba, ina dalilin mai tafiya cikin lungu da tsakar dare, kansa sunkuye kan waya? Ka san wanda ke bayanka, ka lura da hannun wanda ya nufo ka, kada ka ƙirga kuɗi a tasha.

Na biyu, malaman fiƙihu sun ce ana tunkuɗe ɗan ta'adda da mafi sauƙin abin da zai tsai da shi. An ruwaito cewa Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya umarci wanda aka zo ƙwace wa dukiya ya fara tuna wa azzalumin Allah, sa'an nan ya nemi taimakon jama'a, sa'an nan hukuma. Faɗa shi ne na ƙarshe. Wanda tsawa ta isa ta kore shi, bai halatta a sare shi ba.

Na uku, kokawa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi ya yi kokawa da Rukana, ya kayar da shi. Ranar Uhudu kuma, shekara ta 3 bayan Hijira, an mai da Samura ɗan Jundubu saboda ƙuruciya, sai da ya kayar da Rafi'u ɗan Khadiju sa'an nan aka bar shi ya fita.

Amma a lura. A kokawarmu ta gargajiya, da an yi kaye wasa ya ƙare. Ga ɗan fashi kuwa, a nan ne abin ke farawa, domin in ya hau ƙirjinka, ƙarfin damtse ba ya fid da kai. Saboda haka ya kamata a koyi kokawar ƙasa wurin gwani, watau yadda za ka tsare ƙeyarka daga buguwa in ka faɗi, ka sa ƙafafunka tsakaninka da shi, ka juya kan haƙarƙari ka zame, kada ka ba shi baya ya shaƙe ka. Manufa ita ce ka miƙe ka tsere. Wanda ya tsaya danne mutum ɗaya, bai san wuƙar da ke aljihunsa ba, balle abokansa da ke laɓe.

Daga ƙarshe, Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa ƙarfi na gaskiya ba yawan kaye ba ne, mallakar kai ne lokacin fushi. Wanda ya koyi kokawa don cin zali, ya ɗauko wa kansa alhaki.

Allah ya tsare mu daga sharrin azzalumai, amin.