Darasi Na Tara: Hirar Siyasa A Teburin Mai Shayi

Narayi babbar unguwa ce a kudancin kogin Kaduna, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, kusa da Barnawa. Ƙasar Gbagyi ce tun asali, amma yanzu kabilu iri iri ke zaune cikinta.

Ran nan da almuru na zauna a teburin wani mai shayi a can. Zaɓe ya matso, mutum shida suna ta gardama. Na kasa kunne har sa'a guda. Wannan ya ce wane ba ɗan ƙabilarmu ba ne. Wancan ya ce wane ba addininmu ɗaya ba. Wani ya ce wane marowaci ne, ko sisi bai ba shi ba ranar suna. Ga kwata nan gabansu ta toshe da shara, sauro na fitowa yana cizonsu su duka shida, amma ba wanda ya ambace ta. Sauro kuwa bai tambayi addinin kowa ba.

To, jama'a, haka yawancin hirarmu ta siyasa ta ke, a birni da ƙauye. Muna zancen mutum da asalinsa, mu bar zancen aikin da za mu ɗora shi a kai.

Me ya jawo haka? Na fari, sauƙi. Sanin sunan mutum da garinsu ba wuya, amma sanin inda kuɗin hukuma ke tafiya sai da tambaya da karatu. Na biyu, tsoro. A shekarar 2000 an yi mummunan rikici a Kaduna kan batun shari'a, aka sake wani a 2002, aka kuma yi wani bayan zaɓen 2011. Rayuka da yawa suka salwanta. Mutane suka yi ta ƙaura, Musulmi da yawa suka koma arewacin kogi, Kirista da yawa suka koma kudu. Wanda ya ga wannan, ba mamaki in ya fara tambayar addinin ɗan takara kafin kome.

Amma ku duba abin da ya sami Kakuri, nan kusa da Narayi. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya, dubban mutane suka sami aiki. A 2002 aka rufe ta, sauran ma suka yi ta durƙushewa. Ran da aka rufe ƙofa, da mai zuwa masallaci da mai zuwa coci tare suka koma gida hannu banza. Wannan ita ce irin maganar da ya kamata a tsare 'yan takara da ita.

An taɓa yin haka kuwa. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta yi shekaru tana kuka kan haraji da jangali da ke danne talakawa. Da jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci zaɓen gwamna a jihohin Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Magana ce guda aka riƙe har ta zama aiki, manomi da makiyayi suka gani a aljihunsu.

Kada wani ya ce halin mutum ba kome ba ne. Lalle a tambaya ko mai gaskiya ne, ko mai riƙon amana ne. Sai dai ana gane wannan ta aikin da ya yi a baya. Ba a gane shi ta sunan kakansa. Kowace ƙabila tana da amintattu, tana kuma da macuta.

Sa'an nan ku san aikin kowane zaɓaɓɓe. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da kwatoci, da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa. Tana kuma da hannu cikin makarantun firamare, da yaƙi da jahilci, da kiwon lafiya. Watau kwatar nan ta gaban mai shayi, ciyaman da kansila za a tambaya. Jihar Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23, kowace da nata.

Saboda haka in ɗan takara ya zo ƙofarku, ku karɓe shi da ladabi, ku yi masa tambaya uku. Wane aiki za ka yi mana? Da wane kuɗi? A wane wata za mu gani? Ku da kuka iya rubutu yanzu, ku rubuta amsarsa a littafi, ku sa kwanan wata, ku adana. Ran da ya komo neman ƙuri'a, ku karanta masa. Kyan alkawari cikawa.

Tambayoyi

1. A wace ƙaramar hukuma Narayi ta ke?
2. A wace shekara aka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna?
3. Faɗi ayyuka uku na ƙaramar hukuma.

Aikin gida: Rubuta abu guda da ya fi damun garinku, da sunan muƙamin wanda za ku tambaya a kansa. Ka kawo aji ran Litinin.