Iyakokin Zafi da Sanyi a Mahangar Kimiyya da Matsalar Bayyana Su da Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda kimiyyar fiziks ke bayanin zafi da sanyi, da iyakar da kowannensu ke kaiwa. An nuna cewa sanyi yana da ƙarshe, alhali zangon zafi yana da matuƙar nisa. An kuma kawo shawarar rarrabe ma'anoni biyu da kalmar "zafi" ta haɗe.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ba ya rasa kalmar bayyana abin da jikinsa ya ji na yanayi. Yana da ɗumi, da zafi zau, da sanyi ƙalau, da ɗari, da jaura. Yakan ce "sanyi ya kama shi", tamkar sanyi wani abu ne mai zaman kansa, kishiyar zafi. Wannan ya wadatar a hulɗar yau da kullum. Sai dai mai koyar da kimiyya da Hausa, ko mai fassara littafinta, zai tarar cewa ɗalibin da ya ɗauki sanyi a matsayin abu mai zaman kansa ba zai gane dalilin da ya sa yake da iyaka ba. Don haka wajibi ne masu ƙirƙirar kalmomin fannu su fara sanin abin da za su raɗa wa suna.

2.0 Ma'anar Zafi a Kimiyyance

Duk wani abu, dutse ne ko ruwa ko iska, ya ƙunshi ƙwayoyin zarra waɗanda ba sa daina motsi. A iskar ɗaki, gudunsu yakan kai kimanin mita 500 a sakan guda. Abin da ma'aunin zafi ke nunawa shi ne matsakaicin ƙarfin wannan motsi. Idan motsin ya ƙaru sai a ce abu ya yi zafi, idan ya ragu sai a ce ya yi sanyi. Ke nan sanyi ƙarancin motsi ne kawai. Wanda ya riƙe ƙanƙara, zafin hannunsa ne ke fita zuwa cikinta.

A nan ne ma'anoni biyu suka rabu. Tartsatsin da ke tashi a maƙera yakan haura digiri 1,000, amma ya faɗa wa maƙeri a hannu bai yi masa wani lahani ba, saboda ƙanƙantarsa. Tukunyar tafasasshen ruwa kuwa digiri 100 ce kacal, amma takan saɓule fata. Tartsatsin ya fi ta mataki, ita kuma ta fi shi yawan makamashin da take zubawa a jiki. Joseph Black na ƙasar Sikotlan ne ya fayyace wannan bambanci tun a shekarun 1760. A wannan maƙala za a kira na farkon "matakin zafi", na biyun kuma "adadin zafi".

3.0 Iyakar Sanyi

Tun da motsi ne tushen matakin zafi, to dole a sami inda ba zai ƙara raguwa ba. A shekarar 1848 William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelbin, ya gabatar da ma'aunin da ya fara ƙirga daga wannan wuri. Shi ne sifirin ƙarshe, wato digiri 273.15 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos.

Sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa kai tsaye a doron ƙasa shi ne digiri 89.2 ƙasa da sifiri, a tashar bincike ta Vostok da ke Antatika, ranar 21 ga Yuli, 1983. Wannan bai ko kama ƙafar iyakar ba. A 1908 Heike Kamerlingh Onnes ya mayar da iskar hiliyam ruwa a birnin Leiden na ƙasar Holan, a kimanin digiri 4 sama da sifirin ƙarshe. Bayan shekara uku ya gano cewa a irin wannan sanyi lantarki yana ratsa zaiba ba tare da wata turjiya ba. Irin wannan siffa ce ake amfani da ita yau a manyan na'urorin maganaɗisu masu ɗaukar hoton cikin jiki a asibitoci.

Sararin samaniya kansa yana da ɗan ɗumi na digiri 2.7 sama da iyakar, don haka ɗakunan gwaji sun fi shi sanyi. A 1995, a jihar Kolorado ta Amurka, Eric Cornell da Carl Wieman sun sanyaya ƙwayoyin zarrar rubidiyam zuwa kashi 170 cikin biliyan na digiri ɗaya. Dabararsu ta ƙarshe ba baƙuwa ba ce ga mai shan ruwan randa: ana barin ƙwayoyin da suka fi kuzari su tsere, sai saura su huce, kamar yadda ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa yake bin iska da zafin na ciki. Duk da haka, ba a isa sifirin ƙarshe. Ƙa'idar da Walther Nernst ya kafa a farkon ƙarni na 20 ta nuna cewa kowane mataki na sanyayawa yana cire wani kaso ne kawai na abin da ya rage.

4.0 Iyakar Zafi

Ta fuskar yanayi, matakin da Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta amince da shi a matsayin mafi girma shi ne digiri 56.7, a Kwarin Mutuwa da ke Kalifoniya, ranar 10 ga Yuli, 1913. Ƙarfe yana narkewa a digiri 1,538. Fuskar rana tana da kimanin digiri 5,500, walƙiya takan ɗaga iskar da ta ratsa zuwa wajen digiri 30,000, tsakiyar rana kuwa ta kai digiri miliyan 15.

A kowane hawa akwai abin da ke wargajewa. Daskararre yakan narke, ruwa ya zama tururi, sannan ƙwayar zarra ta rabu da ƙananan sassanta. A 2012, a cibiyar CERN da ke iyakar Siwizalan da Faransa, an sanar da cewa an gwabza cibiyoyin zarrar dalma da juna, aka sami fiye da digiri tiriliyan 5 na ɗan ƙanƙanin lokaci. Wannan ma misali ne na bambancin da aka ambata: matakin ya kai maƙura, amma adadin zafin bai isa ya ɗumama cokalin ruwa ba. Can gaba akwai matakin da aka sa wa sunan Max Planck, wato lamba 14 da sifiri 31 a bayanta. Wannan ba katanga ba ce irin ta sanyi, wuri ne da ƙa'idojin fiziks na yanzu suka daina aiki.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa zafi da sanyi ba kishiyoyi biyu masu tsawo ɗaya ba ne. Tsani ne guda wanda ƙafarsa ke kafe a sifirin ƙarshe, rayuwar ɗan Adam kuma tana gudana ne kimanin digiri 300 kawai daga gindinsa. Saboda haka ana ba masu tsara ƙamus da littattafan makaranta shawarar su keɓe "matakin zafi" ga abin da ake aunawa da digiri, "adadin zafi" ga makamashin da ke ƙaura daga wani abu zuwa wani, su kuma bar "ma'aunin zafi" ga na'urar awo kaɗai, maimakon amfani da ita ga duka ukun.