Darasi Ga Ƙungiyoyi: Telebijin Mai Araha Ko Mai Tsada?

Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, kuɗin waken soya da na shinkafa sun fara shigowa hannu. A irin wannan lokaci ne maganar sayen telebijin takan taso. Waɗansu ƙungiyoyinmu suna so su saya domin ɗakin taro, a riƙa nuna wa membobi darussan noma, ran Asabar kuma a nuna ƙwallo a karɓi ɗan kuɗin shiga. A waɗansu wurare kuwa maigida ne yara suka matsa wa lamba kafin Kirsimeti. Ko wanne ne, in an je shago za a tarar da telebijin biyu a jere, girmansu ɗaya, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayan sau biyu ko sau uku. Mai shago zai yabi mai tsadar. Ma'ajin ƙungiya zai ja mu wajen mai arahar. Wa za mu bi?

Shawararmu ita ce kada mu fara da duban hoton da ke gaba. Mu juya telebijin ɗin mu karanta 'yar takardar da ke manne a bayansa. A nan aka rubuta yawan wutar da yake sha, da lamba da harafin W, watau wat. Ga mutumin birni wannan lamba ba ta da wani muhimmanci sosai. Gare mu da muke dogara ga sola ko janareta, ita ce ainihin farashin, gama kuɗin shago sau ɗaya ake biya, na wuta kuwa kowane dare.

Bari mu yi lissafi tare, kowa ya ɗauki fensir. Telebijin na zamani mai inci 32 yakan sha wajen wat 40. Mu ƙara dikoda, wat 15, ya zama 55. In an kunna awa huɗu da dare, an sha 220. Mai inci 55 kuwa yakan sha wajen wat 110, da dikoda 125, awa huɗu ya zama 500. Yanzu mu dubi batir. Batirin sola irin wanda yawancinmu muke da shi, mai bolt 12 da lamba 100 a jikinsa, yana riƙe da 1,200 in ya cika maƙil. Amma irin wannan batir mai dalma ba a shanye shi duka. Rabi ake ɗiba, watau 600, in ba haka ba zai mutu tun kwanansa bai kai ba. Inbata ma tana cin nata rabo a hanya, kamar ɗaya cikin bakwai. Ashe ƙaramin ya bar mana wutar fitila da ta cajin waya, babban kuwa ya share kwanon tas. Wanda ya sayi babban, sai ya sake sayen batir na biyu da ƙarin faifan sola, kuma ba a rubuta wannan a rasit ɗin mai shago ba. Da hunturu, in ƙura ta rufe rana ta kwanta a kan faifan, abin da ke shiga batir yakan ragu, lissafin ya ƙara tsanani.

Waɗannan lambobi misali ne, kowane telebijin da tasa. Shi ya sa muka ce a karanta takardar. Masu janareta kuma kada su ce ba ruwansu. Ƙaramin janareta ba ya damuwa ko babba ne ko ƙarami aka jona masa, zai sha kusan rabin lita a awa, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, kowa ya san abin da lita take ci a aljihu. Ga gidan da ba ya tsammanin wutar gwamnati nan kusa, akwai telebijin da aka yi musamman domin batir, mai bolt 12, wanda ba ya bukatar inbata. Ba shi da ado, amma shi ne ya fi dacewa da ƙauye.

Sa'an nan mu tambayi kanmu, me ake saya da ƙarin kuɗin mai tsada? Abu na fari shi ne kaifin hoto. Hoton telebijin ɗige-ɗige ne ƙanana. Mai araha na inci 32 yana da ɗigo wajen miliyan ɗaya, wanda aka rubuta wa Full HD miliyan biyu, wanda aka rubuta wa 4K kuwa miliyan takwas. Jin wannan sai mutum ya ce lalle na ukun ya fi. Amma telebijin ba ya nuna abin da ba a aiko masa ba. An fara watsa shirye-shirye ta sabuwar hanyar dijital a Jos cikin Afrilu 2016, daga baya Abuja da Kaduna da Kano suka bi, duk da haka tashoshinmu na gida, irin su NTA da Arewa24, ba da 4K suke watsawa ba. Bidiyon da malamin gona yake kawowa a filasha ma ba da shi aka ɗauka ba. Mai sayen 4K a ƙauye kamar wanda ya gina rumbun dami ɗari ne, gonarsa kuwa dami ashirin take bayarwa. Bayan haka ma, wanda ke zaune a benci na uku idonsa ba zai rarrabe tsakanin miliyan biyu da miliyan takwas ba.

Abu na biyu shi ne intanet, wanda ake ce wa Smart. Kallon fim na 4K ta intanet yakan cinye wajen gigabayit bakwai a awa guda. A garin da sai an hau tudu ake samun sabis, wannan kuɗi ne aka binne. In wata rana hali ya canja, akwai ɗan akwati da ake jonawa a baya ya yi wannan aiki.

Kada mu yi wa mai tsada rashin adalci. Haskensa ya fi, saboda haka ana iya kallonsa da rana a ɗaki mai tagogi. In ana ƙwallo hoton ba ya jan wutsiya. Abin da ya fi duka, sanannen kamfani yana ba da garanti a rubuce, kuma masu gyara a Jos ko Kaduna ko Yola suna samun kayansa. Wannan na ƙarshe ya cancanci a biya masa kuɗi. Sai dai mu sani, gilashin da ke nuna hoton masana'antu kaɗan ne suke yinsa a duniya, yawancinsu a ƙasar Sin, kamfanoni kuma daga wurinsu suke saye. Samsung ma ya daina yin gilashin LCD da kansa a 2022. Saboda haka tazarar da ke tsakanin ƙaramin samfurin babban kamfani da na kamfanoni masu sauƙin kuɗi irin su Hisense da TCL ba ta kai yadda mai shago yake faɗa ba. Irin da ake kira OLED, wanda ya fi duka tsada, domin ɗaki mai duhu aka yi shi, kuma in tambarin tasha ɗaya ya daɗe a wuri guda yana iya barin tabo a gilashin. Ba na ɗakin taro ba ne.

To, mu ruga wajen mafi araha ke nan? A'a. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a kasuwar telebijin maganar tana da gaskiya. Akwai waɗanda ba a san mai yinsu ba, an manna musu sunan babban kamfani da harafi ɗaya a sauye, ko kuwa an rubuta inci 43 a kwali alhali 39 ne. Ana auna telebijin daga kusurwa zuwa kusurwa, ban da bakin roba. Inci 32 santimita 81 ne, inci 43 kuwa 109. Mu tafi da tef ɗin tela a aljihu, ba abin kunya ba ne. Akwai kuma na hannu da ake shigowa da su daga waje. Wanda ya fito daga Amurka wani bolt 120 kaɗai yake ɗauka, wutarmu kuwa 230 ce, kuma ba ya kama tashoshinmu ta eriya. Mu nemi wanda aka rubuta wa 100-240V, gama shi ne yake jure wa wuta in ta yi ƙasa.

Ciwon da ya fi kama masu araha shi ne mutuwar ƙananan fitilun da ke bayan gilashi. Alamarsa, ana jin murya amma ba hoto. In aka haska tocila a gilashin aka ga inuwar mutane, to fitilun ne, kuma mai gyara yana iya sakewa, kada a jefar. Maganinsa tun daga ranar fari: a shiga da rimot a rage hasken baya zuwa rabi. Daga shago yakan zo a ƙure domin ya burge mai saye. Rage shi yana ƙara wa fitilun kwana, yana kuma rage shan wuta, riba biyu ba ko kwabo.

Akwai abubuwan da ba su san tsada ko araha ba. Tsawa da damina tana bin wayar dish ko ta eriya ta ƙone kowane iri, saboda haka in hadari ya taso a zare wayoyin duka, ba kashewa kaɗai ba. Wuta in ta dawo da ƙarfi haka take yi, sai a sa ɗan abin tsaro tsakanin soket da telebijin. Gilashi in ya fashe, kuɗin sakewa ya kusa na sabo, kuma garanti ba ya biyan wannan. A ɗauko shi a tsaye cikin kwalinsa, kada a kwantar da shi a bayan babur a hanyar da muka sani. Da rani a rufe shi da ƙyalle in ba a kallo, a buɗe in an kunna domin ya sha iska.

Ga ɗakin taron ƙungiya, inda mutum talatin ko arba'in za su zauna, a nan ne muke ganin ya kamata a ƙara kuɗi, amma a kan girma da murya. In ana nuna tsutsar nan mai cin masara da ta shigo mana a 2016, dole na baya ya ga yadda take ɓuya a cikin kunnen masara, in ba haka ba darasin ya tashi a banza. Inci 32 ba zai yi ba. Mai inci 43 na sanannen kamfani, Full HD, marar ƙyale-ƙyale, mai ƙofar filasha, shi ne muke ba da shawara, tare da lasifika dabam, gama siraran telebijin na yanzu duk muryarsu ba ta da ƙarfi, kuma ruwa in ya sauka a kan kwano ba mai jin komai. Ga gida mai sola, inci 24 zuwa 32 ya isa.

Saura maganar lokacin saye, wadda ta fi damunmu. Kuɗin telebijin a watan Disamba masara ce da aka sayar sa'ad da take mafi araha, kuma sau da yawa gidan nan ne zai koma kasuwa a Yuli yana awo da mudu, ga kuɗin taki ya tsaya. Saboda haka kada mu faɗi farashi da naira a taro. Magatakarda ya rubuta shi a allo da buhuna: telebijin buhu kaza, dikoda da dish buhu kaza, ƙarin batir buhu kaza, kuɗin wata-wata na tashoshi in za a biya, buhu kaza a shekara. A gefe ya rubuta buhunan takin da ƙungiya take bukata bana. In ba a riga an ware kuɗin taki da na iri ba, a ɗage maganar zuwa Maris ko Afrilu, sa'ad da hatsi yakan yi daraja.

Kafin taro mai zuwa, kowace ƙungiya mai wannan niyya ta zaɓi mutum uku, a cikinsu har da mace ɗaya daga zumuntar mata, su shiga shaguna uku ba da kuɗi a hannu ba. Su rubuto sunan kamfani, da inci bayan sun auna, da lambar wat, da watannin garanti, su kuma tambayi mai gyaran telebijin na garin, ba mai sayarwa ba, wane iri ne ya fi zuwa teburinsa, wane ne kuma yake samun kayansa.